Fitina da Tashin Duniya: Abin da Cikin Badala Ya Sha Gani

Da wuya a tashi daga majalisar dattawa a cikin birnin Kano a 'yan shekarun nan ba a ji wani ya ce duniya ta zo ƙarshe ba. Abin da ke jawo maganar ba ɓoyayye ba ne. An tare yaro a bakin lungu bayan magariba an soke shi saboda waya. Samarin unguwa biyu, waɗanda iyayensu suka yi makarantar allo ɗaya, sun fito da adda da barandami suna farautar juna. Kwanon masara ya kai kuɗin da a da ake sayen buhu. Malami ya hau mumbari ya kafirta malami. A watan Mayun 2024 kuma aka wayi gari da sarki biyu, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a Gidan Nassarawa, har wa da ƙane suka daina zama tabarma ɗaya in an ɗauko zancen sarauta. Wanda ya haɗa waɗannan ya ce ƙarshen zamani ne bai yi wauta ba, kuma ba daga kansa ya ƙago ba, akwai nassi a bayan maganarsa. Sai dai nassin yana da abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba, kuma magabatanmu a garin nan sun riga mu kokawa da shi a lokacin da tashin hankalinsu ya fi namu.

A fara daga zaure, tunda can aka fi jin zancen da asali. Tsakanin magariba da isha malam yana kan buzu, fitila a gefe, ɗalibai sun kewaye shi kowa da littafinsa a cinya. Mai Arba'una ya jawo hadisi na biyu, wanda Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum yana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tambayoyi. Ɗalibi na ja, malam na fassarawa gaɓa-gaɓa. Da an iso wurin matalauta marasa takalmi, makiyayan dabbobi, da za su riƙa gasar dogon gini, sai ka ji zaure ya motsa. Wani ya ambaci Dubai, wani ya ambaci benayen da suka tsiro a Kantin Kwari. Amma kafin a zo nan an wuce wata gaɓa da ba a cika tsayawa a kanta ba: da Jibrilu ya tambayi lokacin tashin alƙiyama, amsar da ya samu ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Sai da aka rufe ƙofar lokaci sannan aka buɗe ta alamomi. Alƙur'ani ma haka ya yi a Suratul A'araf da Luƙman da Ahzab da Nazi'at: ya ce abin ya kusa, ya ce saninsa na Allah ne shi kaɗai, ya ce ba zai zo ba sai bagatatan.

Hargitsi da rarrabuwar kai suna cikin alamomin, wannan babu ja. A Buhari da Muslim an ambaci ɗauke ilimi, da saurin wucewar lokaci, da bayyanar fitintinu, da yawan kashe-kashe. A Buhari an ambaci tozarta amana, aka fassara shi da damƙa al'amari a hannun wanda bai cancanta ba. A Muslim an yi zancen zamanin da mai kisa bai san dalilin da ya yi kisa ba, wanda aka kashe bai san dalilin da aka kashe shi ba. Duk wanda ya ga gawar yaron da faɗan daba ya rutsa da shi a hanyar aike, wannan hadisi zai faɗo masa a rai, kuma ya dace ya faɗo.

Malamai sun kasa alamomin gida uku, kuma wanda ya fi shahara da wannan rabon shi ne Barzanji, malamin Madina da ya rasu a 1691. Akwai waɗanda suka auku suka wuce, akwai waɗanda suka fara suna kuma ci gaba da ƙaruwa, akwai manya da ba su zo ba. A kashin farko akwai wafatin Manzon Allah (SAW) kansa, da buɗe Baitul Maƙdis, da annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira, da wutar da ta ɓullo a gabashin Madina a 654 bayan hijira. Kenan ƙananan alamomi tun sahabbai na raye suka fara. Kashe-kashe da rabuwar kai suna kashi na biyu, kuma su ma tun kisan Sayyidina Usman da yaƙin Jamal da Siffin ake cikinsu. Alamar irin wannan kamar furfura take. Shaida ce ta gaskiya cewa tafiya ta miƙa, mai hankali kuma yana wa'aztuwa da ita, amma ba ta faɗin ranar mutuwa, kuma mai furfura ya sha binne wanda ya girma. Manyan alamomi goma da hadisin Huzaifa ɗan Asid ya kawo, irin su Dujal, da saukar Annabi Isa, da Yajuju da Majuju, da hudowar rana daga yamma, wani jinsi ne daban. Ranar da rana ta fito ta bayan Goron Dutse babu wanda zai buƙaci a turo masa saƙo a waya kafin ya sani.

Akwai hadisin da aka fi kafa hujja da shi a kan cewa kullum abin gaba yake yi wajen lalacewa. Mutane sun kai wa Anas ɗan Malik kukan zaluncin Hajjaju, ya ce su yi haƙuri, domin ya ji daga Manzon Allah (SAW) cewa kowane zamani na bayansa ya fi shi sharri. Masu sharhi sun lura da wani abu tun tuni: 'yan shekaru bayan mutuwar Hajjaju Umar ɗan Abdul'aziz ya hau halifanci, wanda har yau ake buga misali da adalcinsa. Don haka suka fahimci hadisin a kan galibi da jimillar tafiyar zamani, ba a kan cewa kowace shekara dole ta fi ta jiya muni ba. Tafiyar tana da gangara da hawa. Mutanen da suka ga Tattar sun shiga Bagadaza a 1258 sun kashe halifa, da waɗanda suka ga annobar 1348 ta share rabin wasu garuruwa, sun fi mu hujjar cewa an zo ƙarshe. Shekara ɗari bakwai ke nan ko kusa.

To ta ina lissafin shekaru ya shigo, alhali an rufe ƙofarsa? Da shekara ta 1000 bayan hijira ta gabato, magana ta bazu a Masar cewa Annabi (SAW) ba zai cika shekara dubu a kabarinsa ba sai an tashi duniya. Imam Suyuɗi ya rubuta ɗan littafi a 898, wato 1492, don ya kwantar da hankalin mutane. Ya ce al'ummar nan za ta wuce dubu, amma ba za ta kai ga ƙarin ɗari biyar ba. Ya kashe wata wuta ya bar garwashin wata, domin a cikin bayanin nasa an fahimci cewa Mahadi zai bayyana wajen shekara ta 1200. Suyuɗi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, a daidai zamanin da Shehu Magili ya sauka a Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma littattafansa sun shiga zaurukanmu sun zauna. Sai a haɗa wannan da hadisin Abu Dawuda na mujaddadin da ake aikowa a kan kowace shekara ɗari. Daga nan kan ƙarni ya zama lokacin da kunnuwa ke tashi.

Shekara ta 1200 ta kama a 1785, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na tsakiyar yawon wa'azinsa a Gobir da Zamfara. Shehu ya yi imani ana ƙarshen zamani, ya yi wa'azi da shi, ya yi rubutu a kansa, kuma wannan imanin na cikin abin da ya ƙarfafa jama'arsa har zuwa hijirar Gudu a 1804. Da jihadi ya yi nasara, Kano ma ta faɗi a 1807 aka kori Sarki Alwali, mutane suka fara raɗe-raɗin ko Shehu ne Mahadin. A nan ne ya yi abin da nake ganin ya fi komai amfani gare mu yau. A 1814 ya rubuta littafi na gargaɗi ga 'yan'uwa kan da'awar Mahadanci. Ya jera siffofin Mahadi da ruwayoyi suka kawo, ya auna kansa da su, ya ce shi a Maratta aka haife shi, ba shi ne ba. Ya ƙara da cewa abin da suka riƙa faɗa a wa'azi na cewa lokacin ya yi, sun gina shi ne a kan maganar Suyuɗi, amma da suka sake bincike sun tabbatar ba su san lokacin ba. Mutumin da dubban jama'a ke shirye su ba shi wannan matsayi, shi ya ture shi da hannunsa. A daidai wannan lokaci kuma ɗansa Muhammadu Bello ya riga ya gina Sakkwato, daga baya ya kakkafa garuruwan ribaɗi, yana zaunar da makiyaya, yana jawo masu sana'a. Sun yarda duniya ta kusa tashi, suna kuma dasa gari.

Abin da bai mutu ba shi ne zancen gabas. An riƙe cewa in lokaci ya yi jama'ar Shehu za ta yi ƙaura zuwa wajen Kogin Nilu ta tarbi Mahadi. Duk sanda fari ko yaƙi ko zaluncin masu mulki ya matsa, sai a ga ayari sun sayar da gona sun ɗaure kaya sun nufi gabas. Nana Maryam 'yar Shehu, wadda ta yi zaman aure a Gidan Rumfa a wurin Sarki Ibrahim Dabo, ta rubuto wa Sarkin Kano wasiƙa a kan masu wannan tafiya. Ba ta musa cewa mahaifinta ya yi zancen hijirar ba, amma ta ce lokacinta bai yi ba, masu tafiyar an ruɗe su ne. Ita ma, kamar mahaifinta, ta riƙe imanin ta hana gaggawar.

Kan ƙarni na gaba ne ya fi jijjiga Kano. A 1881 Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadanci a Sudan, 1300 ta kama a ƙarshen 1882, Khartum ta faɗa hannunsa a Janairun 1885. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello ɗan Shehu, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Wajen 1890 annobar shanu da ake kira Sannu ta ratsa ƙasa ta bar Fulani da sanda babu garke. Sai kuma gobara ta tashi a cikin gida. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya daɗe a gado, daga 1855 har farkon shekarun 1880, ya bar 'ya'ya da yawa riƙe da sarautu. Ƙanensa Muhammadu Bello da ya gaje shi ya bi su yana tuɓewa ɗaya bayan ɗaya, yana share wa ɗansa Galadima Tukur hanya. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa Waziri Buhari ya naɗa Tukur, saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu, alhali zukatan yawancin manyan Kano na wurin Yusufu ɗan Abdullahi. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice suka sauka Takai. Ƙasa ta dare biyu, Tukurawa da Yusufawa, duk jikokin Dabo. A cikin birni zargi kawai ya isa a kashe mutum ko a washe gidansa. Musulmi ɗa aka kama aka kai kasuwa aka sayar. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Alu ya karɓi tuta ya shiga birni a shekarar, Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya a 1895. Wannan shi ne Basasa, kuma duk rabuwar kan da muke kuka da ita yau ba ta kama ƙafarsa ba.

Ba a gama share jini ba Nasara suka iso. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar da aka shafe ƙarnoni ana gini, Sarki Alu na hanyar Sakkwato. Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. A watan Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, kuma talakawa da malamai da masu sarauta, har daga ƙasar Kano, suka bar gonaki a bakin damina suka bi shi. A wurinsu wa'adin da aka daɗe ana jira ne ya cika. Ba na cikin masu yi wa waɗannan bayin Allah kallon ruɗaɗɗu, domin tambayar da ke gabansu ta fiƙihu ce mai nauyi, ko ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin mulkin wanda ba Musulmi ba, kuma Waziri Buhari da ya zauna sai da ya rubuta hujjarsa. An kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa Mai Wurno ya kai Sudan da waɗanda suka tsira, garin da suka kafa a bakin Nilu na nan da sunansa, jikokinsu na noma a can. Waɗanda suka zauna a Kano kuwa yunwar Kakalaba ta same su a 1914, annobar marisuwa ta biyo baya a 1918.

A dubi mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ratsa wannan duka. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Yana saurayi aka kama shi a Basasa, sai da fansa ya kuɓuta. Ya ga shigowar Nasara, ya ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ga Kakalaba da marisuwa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, dalar gyaɗa na tsaye a bayan gari. Wani abu ya ƙare a idonsa, wannan gaskiya ne. Daular da Shehu ya kafa ta ƙare, fataucin bayi ya ƙare, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya mutu, wuri ya daina zama kuɗi. Dattijon da ya ce a 1903 duniya ta tashi, duniyar da ya sani ce ta tashi, kuma baƙin cikinsa na gaskiya ne. A ganina mafi yawan masu wannan magana, jiya da yau, abin da suke ji a jikinsu ke nan, ƙarewar tsarin da suka taso a ciki, wanda suka ɗauka shi ne duniya.

Kowanne daga cikin waɗannan bala'o'i kuma yana da sababi mai suna. Basasa rikicin gado ne da naɗin da aka yi ba da son gari ba. Kakalaba ruwa ne ya ɗauke a daminar 1913, ya tarar da rumbuna babu ajiya, saboda harajin da Nasara suka ce sai da tsabar kuɗi ya sa manoma sayar da hatsi, wasu kuma sun ba gyaɗa gonar gero. Ƙaddara ce, kamar yadda komai ƙaddara ne, amma ƙaddarar ta biyo ta hannun mutane da shawarwarinsu.

Kan ƙarnin 1400 kuwa da yawa daga cikin masu karanta wannan sun gani da idonsu. Ranar 1 ga Muharram, wato 20 ga Nuwamban 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami suka gabatar da Muhammad al-Ƙahɗani a matsayin Mahadi. Mako biyu aka yi ana ɓarin wuta a Ɗakin Allah. Shekara guda bayan nan abin ya iso mu. Muhammadu Marwa, wanda aka kora zuwa Kamaru a 1962 zamanin Sarki Sanusi na ɗaya ya kuma dawo, ya tara dubban gardawa a 'Yan Awaki yana tsine wa mai rediyo da mai agogo da mai keke. Rikici ya ɓarke a filin Shahuci ranar 18 ga Disamban 1980, 'yan sanda suka kasa, sai da soja suka shigo kafin ƙarshen wata. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177. Su wane ne suka bi shi? Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan Kano, ya nuna yawancinsu samarin ƙauye ne da suka shigo ci-rani da karatu, bayan farin farkon shekarun 1970, suka tarar da garin da kuɗin mai ya sauya. Kwaɓar ƙasa da ɗinkin hula da rini da gardi ke ci da su sun ja baya, siminti ya kori tubali, attajiri ya koma gida mai get ya bar zauren da baƙo ke kwana. Yaron da gari ya rufe wa ƙofa, in ka ce masa garin nan la'ananne ne kuma ƙarshe ya zo, ka faɗa masa abin da cikinsa ya riga ya faɗa masa. Wannan ita ce fuska mafi haɗari ta zancen. A bakin dattijo kuka ne, a hannun mai neman mabiya kuwa makami ne, domin wanda aka gamsar cewa babu gobe ba ya tsoron ƙone yau. Mun sake ganin irinsa a hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012, da ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014 da aka kashe masallata sama da ɗari a babban masallacin ƙofar gidan Sarki.

Maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari ma suna da nasu. A Linjilar Matta sura ta 24 an ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, aka ce ƙarshen bai zo ba tukuna, aka ce ranar babu wanda ya san ta. Duk da haka a Amurka dubban mabiya William Miller sun zauna jiran 22 ga Oktoban 1844, wasu sun bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye musu kamar kullum.

Akwai kuma dalilan da ke sa namu zamanin ya fi kama da ƙarshe a idonmu ko da bai fi na baya muni ba. Mutum yana auna yau da ƙuruciyarsa, ƙuruciya kuwa lokaci ne da wani ke ɗauke masa nauyi, bai san kuɗin cefane ba, bai san abin da aka ɓoye masa ba. Wanda ke tuna Kano ta shekarun 1960 da zaman lafiya ya manta da Araba ta 1966, kamar yadda na gabansa ya manta da rikicin Mayun 1953. Sannan yawa. Da Barth ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birni dubu talatin. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano sama da miliyan tara. Ko halin mutane bai sauya ko kaɗan ba, yawan laifin da kunne zai ji sai ya ninka sau ɗari. Sai waya. Kakanmu labarin unguwarsa yake ji, na Katsina sai fatake sun iso. Yau kafin ka idar da lazimin asuba ka ga Gaza, ka ga Sudan, ka ga Zamfara, ka ga bidiyon da ba ka san shekararsa ko garinsa ba, an ɗora masa wa'azi an ce a tura wa mutum goma. Masifun duniya duka sun taru a tafin hannu ɗaya, alhali aurarraki da saukar karatu da sulhun da aka yi a wannan safiyar babu mai yaɗa su.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da kalmar ke yi bayan an furta ta. An ce ƙarshen zamani ne, an ce sai addu'a, an shafa, an tashi. Tambaya ta mutu a nan. Alhali faɗan daba yana da iyaye: ƙwayar da ake sayarwa a lungun da kowa ya sani, ɗan siyasar da ke ɗaukar samari lokacin zaɓe ya watsar da su bayan rantsuwa, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka rufe suka bar ubanni a gida, ajin da yaro ɗari ke zaune a ƙasa. Tsadar abinci tana da tarihi, ciki har da cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira da manoman da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Rikicin sarauta dokoki biyu ne na majalisar jiha, ta 2019 da ta 2024, da shari'u a kotu. Duk abin da ke da sababi irin wannan ana iya tunkararsa, mai unguwa da limami da iyaye sun sha kashe wutar da ta fi wannan. Wanda ya fi kowa cin ribar a ce alamar tashin duniya ce shi ne wanda ya kamata a tuhuma, domin an ɗauke laifin daga wuyansa an rataya wa zamani.

Addinin da ya kawo alamomin bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. A Muslim an yi gargaɗi ga mai cewa mutane sun halaka, aka ce shi ne ya fi su halaka. A Muslim ɗin dai aka kwatanta ladan ibada a lokacin hargitsi da na hijira zuwa ga Manzon Allah (SAW). Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa ko alƙiyama ta tsaya mutum na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa, dabino kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya yi 'ya'ya. Da wani ya tambayi yaushe ne, tambaya aka mayar masa a kan abin da ya tanada. Da ƙauyawa suka matsa da tambayar, sai Manzon Allah (SAW) ya dubi ƙaraminsu ya nuna cewa kafin yaron ya tsufa tasu sa'ar za ta riske su, aka fassara ta da mutuwarsu. Wannan ce amsa ga mai izgili da zancen gaba ɗaya, wanda ke ganin tunda an sha faɗa ba a tashi ba to babu komai. Mutanen Basasa da na Burmi da na Kakalaba duk tasu ta tsaya, babu ko ɗaya da ya rage.

Wani kan ƙarnin na tafe. Muna cikin shekarun 1440 da ɗoriya, 1500 kuma za ta kama a ƙarshen 2076. Ita ce iyakar da Suyuɗi ya ambata, ɗan littafin nasa na nan cikin tarin fatawoyinsa, kuma tun yanzu an fara jin masu wa'azi na ɗauko shi suna ƙidaya abin da ya saura. Duk sanda aka matso za a ƙara ɗaga murya, kuma ba za a rasa fitinar da za a nuna a ce ga shaida ba. Lissafin nasa ya tsayu ne a kan ruwayoyin da ke cewa shekarun duniya dubu bakwai ne, Ibn Kasir kuwa, wanda ya rasu a 1373, ya riga ya bayyana cewa babu ingantaccen hadisi da ya ƙayyade wa duniya shekaru. Shehu ma ya yi wa'azi da wannan lissafin, ya sake duba shi, ya ajiye shi tun 1814.